Zauren Fasaha a Makarantar Unguwa: Yadda Ake Kafa Shi Tun Daga Tushe

A yawancin makarantun firamaren da na sani a nan Zariya, darasin zane iri ɗaya ne. Malami ya zana kofi ko mangwaro a allo, yara su kwafa a bayan littafin lissafi, ya bi layi yana ba su maki, a tashi. Ni ma na shekara da shekaru ina yin haka, kuma ban ga aibinsa ba sai ranar da na leƙa ta taga na hangi wani dattijo a bakin zaurensa, bai fi taku hamsin daga ajinmu ba, ya shimfiɗa babbar riga a cinya yana fitar da zanen ɗinkin da ake kira aska takwas da allura. Ba takarda a gabansa, ba ma'auni a hannunsa, amma layukansa sun fi nawa miƙewa. Jikansa kuwa yana zaune a gabana yana kwafar kofi.

Abin ya dame ni, domin garin nan ba baƙon gwaninta ba ne. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, har yau masana gini na zuwa kallon bakan gizon da ke ɗauke da rufinsa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi mawaƙi ne da alƙalami. A Samaru kuma, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa abin da suka koya a aji da zanen da suka taras a gidajen iyayensu. Daga nesa suka zo suka faɗi wannan magana a ƙasarmu. Mu da muke kwana muna tashi a tsakanin maɗinka da magina da dukawa mun fi kowa cancantar aiki da ita.

Abin da zan bayyana shi ne yadda malami ɗaya, ko wani mai kishin unguwa, zai tara yara sau ɗaya a mako na tsawon zangon karatu guda, ya kawo musu gwanayen unguwarsu su koyar da su, a ƙarshe su bar wani aiki a bango wanda duk mai wucewa zai gani. Na kira shi zauren fasaha ne don a zaure aka saba koyon sana'a a ƙasar Hausa.

Kafin ka sayi ko fensir, nemi yarda

Nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe. Su tara yara tukuna, mako uku ana jin daɗi, sai wani uba ya ji an ce ɗansa na koyon "wasa", ya zo ya janye shi, sauran iyaye su bi. Saboda haka fara daga hedimasta, sannan shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, sannan mai unguwa, sannan limamin masallacin da iyayen yaran ke salla. Ka je musu da ƙafarka, kada ka aika takarda.

Wurin hedimasta maganar mai sauƙi ce, tunda darasin al'adu da fasaha, wanda malamai ke kira CCA, yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Ka nuna masa cewa zauren zai cika abin da jadawali ya riga ya ɗora wa makaranta. Wurin liman ne ya kamata ka zauna ka natsu. Iyaye da yawa suna da damuwa ta gaskiya a kan zana abu mai rai da kuma kiɗa, kuma damuwar ba ta jahilci ba ce, magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa. Kada ka je da jayayya. Ni abin da na faɗa shi ne: "Allah gafarta Malam, zayyanar allo za mu koya musu, da rubutu mai kyau, da zanen dagi irin na bangon fada, da ɗinkin hula. Duk abin da kuka ga bai dace ba, ku faɗa mana mu bari." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni wa zai koyar da zayyanar. Da na ce ban samu ba tukuna, shi da kansa ya ambaci wani alaramma a bayan masallaci.

Akwai tsoro na biyu wanda ba a cika faɗinsa a fili ba: kada yaro ya zama maroƙi. Ka amsa shi tun ba a tambaye ka ba. Faɗa wa iyaye cewa yaron da ya iya auna layi da ido, ya iya raba da'ira gida shida daidai, ya iya fara aiki ya kai shi ƙarshe, shi ne gobe tela ko kafinta ko mai zanen gine-gine, kuma a Samaru akwai sashen zane da na tsara kayan masana'antu da na gine-gine da ake shiga da irin wannan hannu. Yaron da ya saba tsayawa gaban mutane ya yi magana ba rawar murya, ko wace hanya ya bi zai ci moriyar abin.

Yaushe, ina, su wa

Yaran Zariya ba su da lokacin banza: boko da safe, Islamiyya ko makarantar allo da yamma, aike da talla a tsakani. Ranar da ta fi dacewa ita ce Alhamis bayan la'asar, domin yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutu. Sa'a ɗaya da rabi ta isa, a sallami kowa kafin magariba. Idan ka ci lokacin Islamiyya ko sau ɗaya, ka zubar da yardar da ka sha wahalar samu.

Zangon farko, wanda ke farawa a Satumba, shi ne zaɓina, don aikin bango zai faɗo bayan ɗaukewar damina. Wuri kuwa, aji ɗaya mai ƙofa da kwado ya wadatar, ko zauren wani dattijo da ya yarda. Yara kada su wuce 25 a karon farko, daga aji huɗu zuwa shida. Kada ka zaɓi masu ƙoƙari a jarrabawa kaɗai. Ɗauki wanda kullum ake kamawa yana zane a kan benci, da yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, da almajiri biyu ko uku idan malaminsu ya amince. 'Yan mata su sami malama da za ta zauna da su daga farko har ƙarshe. In babu malama, ka nemi wata uwa daga cikin iyaye, domin ba tare da ita ba iyaye ba za su saki 'ya'yansu mata ba, kuma suna da gaskiya.

Gwanayen da ke bakin ƙofa

Yanzu ɗauki littafi ka zaga unguwa, ka rubuta duk mai sana'ar hannu da ke cikin tafiyar minti goma daga makaranta: maɗinkin riga ko hula, magini da ya san aikin ƙasa, baduku, mai zayyana, mai saƙar faifai ko tabarma, mai lalle, tsohuwar da ta iya tatsuniya. A cikin birni za ka tarar mata da yawa suna ɗinkin hannu na manyan riguna a cikin gida, kuma sau da yawa aikinsu ne ake sayarwa a kasuwa ba a san mai shi ba. Malamar zauren ita za ta shiga ta yi musu magana.

Yadda za ka roƙe su yana da muhimmanci. In ka ce wa dattijo ya zo ya "ba da darasi", zai ce shi bai yi boko ba. Ka ce: "Baba, so muke ka zo da aikinka ka zauna ka ci gaba da yi, yara su kalla, in sun yi tambaya ka amsa." Haka shi ma ya koya. Kuma ka ba shi abin goro mai mutunci duk ranar da ya zo, domin ya bar aikin da yake ci da shi. Na taɓa yin kuskuren sallamar wani magini da godiyar baki kawai, bai sake dawowa ba, kuma laifin nawa ne. Tun daga ranar nake ware kuɗin gwanaye kafin na kowane abu. Mutum uku ko huɗu a zango sun isa.

Kayan aiki: yawancinsu a ƙasa suke

Fentin kanti yana da tsada kuma yana ƙarewa da wuri, sai ka ga zaure ya mutu ranar da gwangwani ya bushe. Koya wa yara haɗa launinsu, wannan ma darasi ne mai zaman kansa, kuma a ganina shi ya fi kowanne daɗi.

A samo jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Kowanne a daka shi daban a tsohon turmi, a tankaɗe da rariya. Ƙasar a zuba ta a bokiti da ruwa mai yawa, a motsa sosai, a dakata kamar minti ɗaya tsakuwa da yashi su kwanta, sannan a tsiyaye ruwan saman mai launi a wani bokitin. Wannan a bar shi ya kwana. Da safe za a ga ruwa garau a sama, laka mai laushi a ƙasa. A zubar da ruwan a hankali, a shanya lakar a faranti, in ta bushe a murje ta ta zama gari. Gawayi ba ya buƙatar wannan wanki, sai dai a daka shi ya yi lukwi, a tankaɗe sau biyu.

Abin da zai riƙe launin a jikin takarda shi ne ƙaro, wanda almajirai suka daɗe suna zubawa a tawada. A jiƙa ludayi ɗaya na ƙaro a ludayi biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da tsumma. Sai a ɗebi garin launi kaɗan a murfin kwalba, a ɗiga ruwan ƙaro, a dama, a ƙara ruwa har ya yi kaurin koko. Gwajin mai sauƙi ne: a shafa a kwali, in ya bushe a goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana tsattsagewa, ya yi yawa. A riƙa dama na rana ɗaya kawai, don in ya kwana biyu yana wari.

Shuɗi kuwa, bular wanki ta wadatar. Zoɓo yana ba da ja mai duhu, kurkur yana ba da rawaya, amma duka biyun rana na cinye su, don haka na takarda ne kawai. Ka sa yara su ɗiga ruwan kanwa a kan zoɓon su ga ya juya zuwa kore-kore, su ɗiga a kan kurkur su ga ya koma ja. Ranar da muka yi wannan, wani yaro ya tambaye ni dalili, na tura shi wurin malamin kimiyya, kuma a makon nan malamin ya shigo zauren da kansa ya yi musu bayani.

Burushi: a sami ɗanyen reshe mai kaurin asuwaki, a daddaka bakinsa da dutse ya yi gashi. Gashin kaza na fitar da siririn layi, guntun soson katifa na cike fili, alƙalamin kara kuma alaramma zai nuna musu yadda ake feƙe shi. Takarda: kwalayen da masu shago ke zubarwa, bayan tsohuwar kalanda, da takardar tsakiya ta buhun siminti, in buhun na takarda ne, bayan babba ya kakkaɓe ta a waje. Abin da lallai sai an saya kaɗan ne: fensir, almakashi biyu ko uku, allura da zare, alli, da fentin bango a ƙarshen zango. Waɗannan ka kai jerinsu taron iyaye ka roƙi kayan, kada ka roƙi kuɗi. Mutum ya fi sakin jiki ya kawo ƙwaryar zare da a ce ya kawo naira.

Makonni shida na farko

Makon farko ba a zane. Fita za ku yi. Ka zaga da yara cikin unguwa, ko ku je wajen ƙofar fada idan kuna kusa, ku tsaya gaban tsofaffin gidaje masu zanko da zane a fuskar zaure. Ka tambaye su abin da suke gani, ka ƙi karɓar "zane ne" a matsayin amsa. Layi nawa? Ina ya faro, ina ya ɓuya a ƙarƙashin ɗan'uwansa, ina ya sake fitowa? Ɓangaren dama daidai yake da na hagu? Yara da suka shekara goma suna wuce gida za su gan shi ranar nan kamar yau aka gina shi. A nemi izinin masu gida kafin a tsaya, a gaishe su yadda ya kamata.

Mako na biyu haɗa launi. Na uku, ƙusa da zare: a kafa ƙusa a ƙasa, a ɗaura zare, a ja da'ira da tsinke. Ba tare da an sauya tsawon zaren ba, a bi gefen da'irar ana sa alama, za a ga ya zagaye ta sau shida cif. Daga alamomin nan ake fitar da fure mai kunne shida da tauraro, kuma yaron da ya yi wannan da hannunsa a ƙasa ba zai sake jin tsoron kalmar da'ira a darasin lissafi ba. Bayan sun iya a ƙasa sai a koma kwali.

Mako na huɗu dagi. Ana fara shi da ɗigo-ɗigo a jere, sannan a ja layi ɗaya yana bi ta sama, ya bi ta ƙasa, ya bi ta sama, har ya koma inda ya taso. Zai ba su wuya, wasu za su yi fushi su yaga kwali. Ka bar su su sake. Kada ka karɓi fensir daga hannun yaro ka gyara masa, ko da kana ganin kuskuren ƙuru-ƙuru. Nuna masa a taka takardar, ya koma tasa. Kuma ka daina ba da maki a zaure. Maimakon haka, minti goma na ƙarshe a jera ayyuka a ƙasa, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi a aikin wani, da abu ɗaya da zai sauya a nasa. Da farko za su yi ta dariya da zolaya, amma kafin mako na shida za ka ji yaro ɗan shekara 11 yana cewa layin abokinsa ya fi nasa natsuwa.

Na biyar da na shida na gwanaye ne. Alaramma ya zo da allon zayyana irin wanda ake yi wa mai sauka, maɗinki ya zo da riga, a ba kowane yaro ƙyalle da allura ya fitar da ɗan ƙaramin dagi. Ka sa su tambayi sunan kowane zane su rubuta a littafi guda na zaure, tare da sunan wanda ya koya wa gwanin. Littafin nan ka adana shi da kyau.

Wasan kwaikwayo, daga bakin mutanen unguwa

Daga mako na bakwai sai a raba yara biyu, rabi su nufi bango, rabi su shirya wasa. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu, duk wanda ya yi tashe daga goma ga azumi ya san yadda ake sa gemun auduga a zama tsoho, a ba mutane dariya kuma a gaya musu gaskiya. Hanyar da nake bi kuwa a nan Zariya aka raine ta. Tun shekarun 1970 malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke fita Samaru da ƙauyuka irin su Bomo, su zauna da mutane su ji damuwarsu, su gina wasa a kai, su nuna shi a dandali, sannan a tattauna. Hatta gidan wasansu na cikin jami'a da ƙasa aka gina shi, a fasalin gidan Bahaushe.

Ga yadda za ka rage shi ya dace da yara. Kowanne ya je gida ya tambayi manya biyu: me ya fi damun unguwar nan? Za su dawo da kwata da ta toshe, da layin ruwa, da shara, da yaran da ba sa zuwa makaranta ranar kasuwa. Su zaɓi ɗaya da kansu. Kada ka rubuta musu komai. Ka tambaye su wa abin ya shafa, wa ke amfana da zamansa haka, me ya faru ranar da ya fi muni, sai su tashi su gwada, a tsaya, a gyara, a sake. Minti 15 ya isa tsawon wasan. A bar shi ba a warware ba: daidai inda rikici ya yi tsanani sai mai ba da labari ya juya ga 'yan kallo ya ce, "Iyayenmu, in ku ne, yaya za ku yi?"

Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: ba a kwaikwayon mutumin da za a gane. Ba tafiyarsa, ba muryarsa, ba laƙabinsa. Yara sun ƙware a wannan, kuma wasa ɗaya da ya kunyata dattijo a gaban jama'a ya isa ya rufe zauren har abada.

Bango

Nemi bangon da mutane ke wucewa, na makaranta ta waje ko na wani gida da mai shi ya yarda a gaban mai unguwa. Kada ka zaɓi babba. Mita 3 a tsawo da mita 2 a tsaye ya ishi yara 12, kuma ba sai an hau tsani mai nisa ba. A kankare shi, a cike ramuka, a wanke ƙura, a shafa farin fenti ya bushe.

Zanen daga ayyukan yaran zai fito. A baza duk abin da suka yi tun makon farko, su zaɓi dagin wannan, furen waccan, gefen zayyanar wancan, a haɗa a takarda ɗaya mai santimita 30 da 20. A kai wa mai bango da liman su gani tun yana takarda, don gyara a nan ba ya cin komai. Sannan a raba takardar gida-gida, kowane gida santimita 5, za a sami gida 24. A bango ma a fitar da gida 24, kowanne santimita 50. Hanyar ja layin ita ce a shafa wa dogon zare bula, yara biyu su ja shi ya miƙe a jikin bango, na uku ya ɗaga tsakiyarsa ya saki, sai ya bar layi miƙaƙƙe. Kowane yaro a ba shi gida biyu ya kwafe abin da ke cikinsu da alli, ninki goma. A nan ne za su gane cewa layin da ya fita daga gidanka dole ya haɗu da na maƙwabcinka, in ba haka ba dagin ya tsinke. Za a yi gardama. Ka bar su su sasanta, sai in ta kai ga hannu.

Launin ƙaro ba na waje ba ne, ruwan farko zai wanke shi. A nan sai fentin ruwa na kanti: a sayi fari, a rina shi da garin kala irin wanda magina ke zubawa a siminti. Launi uku ko huɗu sun fi goma kyau. Fentin mai kuwa a bar shi, yana buƙatar kananzir kuma warinsa na damun yara. A fara da launi mai haske, a bi da mai duhu, baƙin layi a ƙarshe, daga sama zuwa ƙasa don kada ɗigo ya ɓata abin da aka gama. A yi aikin da safe ranar Asabar kafin rana ta take, ko da yamma in ta yi sanyi, a ajiye bokitin ruwa da sabulu kusa.

Idan Allah ya sa ka sami magini na gaske kuma bangon na ƙasa ne, to ka yi babban rabo. Roƙe shi ya nuna musu zane mai tudu, wanda ake fitarwa da hannu tun yaɓen yana ɗanye, da yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe gini don ya jure ruwa. Yara su fara gwadawa a kan guntun katako da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, a shanya a inuwa, domin iskar hunturu tana busar da laka da gaggawa ta tsage ta. Maginan da suka iya wannan aiki suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, siminti da bulo sun ture su, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ga an rushe tsohon zaure mai zane a cikin birni ba wanda ya ko ɗauki hotonsa. In ka sami irin wannan dattijo, ka ba shi makonni biyu, ka rage wani abin.

Mutane za su tsaya kallo, wasu su ba da shawara, wani ya ce ɓata lokaci ne. Ka gaishe da kowa. Matashin da ya fi kowa tsayawa, miƙa masa burushi.

Ranar nuni da abin da ke biyo baya

A makon ƙarshe a gayyaci iyaye da mai unguwa da liman da gwanayen da suka koyar. A shimfiɗa tabarmi a gaban bangon, mata a gefensu, a ɗaura igiya a rataye ayyukan kwali da ƙyalle, kowanne da sunan mai shi. Gwanaye a zaunar da su a gaba, kuma yaro ne zai tashi ya ambaci abin da kowannensu ya koyar. Jawabi kada ya wuce biyu. A yi wasan, a bar mutane su amsa tambayar da aka jefa musu, malami ɗaya ya rubuta duk alkawarin da aka ɗauka a wurin, ya miƙa wa mai unguwa kafin a watse. A namu karon maganar kwata ce, kuma ranar Asabar ɗin da ta biyo baya samari suka fito da shebur.

Kafin a tafi hutu, ka ɗauki hoton kowane aiki da waya, ka bar yara su tafi gida da nasu. Garin launin da ya rage a zuba a kwalabe a rufe, a rubuta sunan kowanne da inda aka ɗebo ƙasarsa. Zaɓi yara huɗu daga aji biyar waɗanda za su koya wa sababbi haɗa launi da ƙusa da zare a zango mai zuwa, ka kuma jawo malami na biyu ya riƙa zama tare da kai tun yanzu, domin ana sauya wa malamai wurin aiki ba tare da sanarwa ba. Littafin zaure da mabuɗin akwatin kaya su zauna a ofishin hedimasta. Ragowar fentin bango a toshe bakinsa da leda a ajiye a inuwa, sannan a rubuta a shafin farko na littafin cewa a watan Oktoba, in ruwa ya ɗauke, za a koma a duba bangon a cike inda ya ɓare.